Tukwanen Bashir a Jidda

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya karɓi dabinonsa, ya kurɓi zamzam, ya yi tambayar al'ada a kan Ka'aba da Rauda, sannan ya matso da kujera, ya rage murya, ya ce, "To Malam, maganar yaron nan fa?" Na ba da labarin a majalisarmu ta bakin kasuwa, na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba da shi a layin fansho, kuma na lura duk lokacin da ya dawo kunnena daga bakin wani sai in tarar ya yi ƙiba. Don haka ga shi a rubuce. Wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san mu ba: ni tsohon mai duba makarantu ne a nan Funtuwa, na ajiye aiki. Yaya Asabe ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Bashir autanta ne. Ya karanta kimiyyar abinci, aiki ya ƙi samuwa, ya tafi Jidda yana tuƙa motar wani gida a unguwar Abhur. Can ya auri Samira, jikar mutanenmu da suka tafi hajji da ƙafa tun zamanin da, ba su dawo ba.

Bara ne ya turo hoto a zauren dangi na waya. Yana tsaye tsakanin wasu tukwanen ƙarfe masu sheƙi da suka fi shi tsawo, riƙe da kofin gilashi cike da wani ruwa ja-ja, kumfa ta yi wa kofin hula. A ƙasa ya rubuta: Alhamdu lillahi, mun buɗe. Muka yi ta Allah ya sa albarka, ba wanda ya san me aka buɗe. Sai hoton ya faɗa hannun Ɗanjuma, maƙwabcin Yaya, wanda ya daɗe yana gadi a wani kamfanin giya a Kaduna. Ya kai wayar kusa da ido, ya nisa, ya ce, "Hajiya, ni dai ba na son shiga maganar mutane, amma tukwanen nan na san su kamar yadda na san matata."

Bashir ya yi bayani har ya gaji. Abin sha ne na sha'ir, ba ya bugarwa, hukumar ƙasar ta ba da izini. Yaya ta ce ai ba hukuma ce ta haife shi ba. Daga ranar ta daina ɗaukar wayarsa. Ya kira da safe, ya kira da yamma, wayar tana kuka a kan tabarma, ita tana kallonta tana jan carbi. Ga shekaru, ga hawan jini. Abin da muke tsoro ba wanda ya furta: kada ta tafi da wannan a ranta, yaron ya zauna da shi har ƙarshen ransa.

Da ta ji zan tafi umra sai ta aika a kira ni.

"Isiyaku, kai ka saba leƙa ajin mutane kana samo laifi. Je ka leƙa. In giya ce ka faɗa mini, in san 'ya'ya nawa suka rage mini. Kuma kada ka rufa masa, don na san idonka in kana ƙarya tun kana satar ƙuli-ƙulin Innarmu."

Haka na bar gida da ibada a hannu ɗaya, bincike a ɗayan.

Motar haya na shiga ta hanyar Malumfashi da Gwarzo zuwa Kano. Jaka biyu gare ni: tawa, da wata da Bashir ya roƙa in taho masa da ita, cike da busasshen tsiron dawa, citta mai yatsu, kanumfari da masoro. Sai da muka wuce Bakori ne abin ya faɗo mini, cewa ni da aka aika bincike ni ne ke ɗauke da kayan aikin. Wata dattijuwa da ke gefena ta shaƙi ƙamshin jakar, ta ce, "Malam, kunu za a dama wa mutanen Makka?" Na ce ta dai sa mu a addu'a. Daga nan har Kano ban sami zaman da ya yi mini daidai ba, direba ma sai da ya waiwayo ya tambaya ko kuɗin cizo ne a kujerar.

Na ɗaura harami tun a filin jirgin Kano, gudun kada a wuce miƙati ina gyangyaɗi. Wanda bai taɓa zama cikin sanyin jirgi da ƙyalle biyu ba, ga tsufa, bai san darajar wando ba. Kusa da ni wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai zuwa Jidda kamar yadda muke zuwa Zariya. Na tambaye shi yadda garin yake. Bai ko buɗe ido ba ya ce, "Jidda? Legas ce, Malam, sai dai ta yi alwala." Ya koma barcinsa, ya bar ni da ido biyu ina tsara tambayoyin da zan yi wa Bashir, ina rushewa.

A wurin kwastan wani saurayi mai gyararren gemu ya buɗe jakar ta biyu, ya damƙo tsiron dawa, ya sansana, ya tambaye ni mene ne. Ni kuwa Larabcina na zaure ne, na littattafan da muka karanta gaban malam, wanda ba a sayen ko albasa da shi. Na gyara tsayuwa na ce masa, haƙiƙa wannan hatsi ne da aka shayar da shi ruwa har ya yi nufin tsirowa, sa'an nan aka hana shi. Ya dube ni. Ya kira abokin aikinsa, ya ce in maimaita. Na maimaita, hannu ɗaya yana riƙe da haramin da ke neman zamewa. Ashe ba hatsin ne ya dame su ba, huɗubar suke so su ƙara ji. Suka yi dariyarsu cikin ladabi, aka zuge jakar, aka ce, "Halas ya shaikh, yalla."

Bashir yana jira a waje, ya yi jiki, cikin farar jallabiya. A tsakiyar Larabawa masu sumbatar kumatun juna ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi gajiya ba.

"Kawu, ya Inna?"

"Tana nan lafiya."

"Ta ba da saƙo?"

"Ni ne saƙon," na ce.

Shi ya kai ni Makka da motarsa. Mai harami an hana shi jayayya, ni kuwa duk abin da ke bakina jayayya ce, don haka muka yi tafiyar da talbiyya da shiru. Ba zan yi muku bayanin Ka'aba ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah ya kira shi. Abin da kawai zan ce, ko a cikin ɗawafi sai da na kama zuciyata tana leƙa tukwanen ƙarfe, na janyo ta da istigfari.

Da muka koma Jidda ya so ya sauke ni a gidansa a Bagadadiyya, na ƙi. Duk tsawon aikina ban taɓa kwana gidan hedimastan da zan duba makarantarsa ba, don wanda ya ci kazar mutum da dare ba ya ganin rufin aji yana yoyo da safe. Ya yi magiya, na kafe. Sai ya kai ni Hindawiyya, tsohuwar unguwa mai lunguna, gidan wata Hajiya Mariya 'yar Maraɗi mai ba da hayar ɗakuna. Ta zo umra ne tun tana da ƙuruciya, kuma a cewarta har yanzu ba ta gama ba. Da ta ji malamin boko ne ni sai ta sa mini suna Mushe, yadda ake kiran malamai a Nijar. Na daure.

"Mushe, dokar gidan ga guda ce," ta ce tana miƙa mini makulli. "Ba hayaniya. Mutanena teloli ne da masu wankin mota da mata masu talla, kuma ba kowa ke da iƙama ba. Wanda ba ya da takardar zama, ƙarar ƙofa ma tana tsinka mishi ciki. Ka gane?"

Na ce na gane.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana gasa mutum, nasu dafa shi yake, don teku tana hura musu tururi. A tagar ɗakina akwai na'urar sanyaya ɗaki, suna ce mata mukayyif, mai ƙara kamar injin niƙa. In na kunna gwiwoyina su yi tsami, in na kashe in narke. Haka na yi ta kunnawa ina kashewa. Garin kuma ba ya tashi da wuri. Bayan asuba nakan fita yawo in rasa wanda zan gaisa da shi, sai kyanwoyi, masu yawa da ƙiba da raina mutane. Wanda ka samu ma gaisuwar ba ta da jela: kalma biyu ya wuce. Ba mai tambayarka iyali, ba mai tambayarka gajiya, balle ya tambayi gajiyar shekaranjiya.

Abinci kam ban yi ƙorafi ba. Da safe dafaffen wake ne da suke kira ful, a dama shi da man zaitun a ci da gurasa mai faɗin faifai. Da rana shinkafa da nama a tire ɗaya, kowa ya sa hannu. Har tsirenmu na tarar Larabawa suna layi a kansa, sun ce sunansa sire, kakannin su Samira ne suka kai musu. Na ci, na yaba, amma yajin an yi masa tarbiyya da yawa.

Wurin aikin Bashir yana can kudancin gari, tsohon garejin gyaran mota ne aka wanke aka shimfiɗa masa tayil. A ƙofa wani dogo mai fara'a ya tare ni, ya rungume ni kafin in shirya. Abudi ke nan, yayan Samira, haifaffen Jidda mai takardar ɗan ƙasa. Lasisin wurin da sunansa yake, kuma shi ne kafilin Bashir, wato wanda zamansa a ƙasar ke rataye a wuyansa. Hausarsa tana tafiya ne da sandar Larabci.

"Ahlan ya khali, ya'ani kawu, sannu da zuwa! Ka zo tafattish, ya'ani bincike? Mafi mushkila, ba matsala, duba ko'ina. Kakata shekara da shekaru tana yin sobiya a Ramadan, wallah duk Hindawiyya an san ta. Mu mun ƙara ƙarfe ne kawai, bas."

Sobiya wani abin sha ne nasu na sha'ir, fari kamar kunun zaƙi, ana sayar da shi a leda lokacin azumi. Wato shi Abudi a ganinsa sana'ar gado yake yi. Ni kuma na sa hannu a baya, na ce Bashir ya fara daga farko, kada ya tsallake komai.

Ya bi da ni tukunya bayan tukunya. Ana jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a ɓarza, a zuba a ruwan zafi har zaƙinsa ya fito. A tace, a tafasa ruwan da wani busasshen fure mai ɗaci da ake kawo musu daga Turai. A sanyaya, a tura shi tanki, a zuba yis.

"Tsaya," na ce. "Yis?"

"Yis, Kawu."

"Ashe Ɗanjuma bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ba. Har nan hanyarmu ɗaya da su. Daga nan muke rabuwa."

Ya ce in taɓa tankin. Sanyinsa ya kama mini yatsu kamar ƙanƙara. A cikin wannan sanyi, in ji shi, yis ba ya iya aiki, ƙamshi kawai yake bayarwa. Kafin ya farfaɗo sai a tace shi a fitar, a ɗura ruwan a kwalabe, a toshe, a dafa kwalaben a ruwan zafi don kada wani abu mai rai ya saura. Ga na'urar awo, ga ma'aikatan hukumar gari da ke zuwa su ɗiba su tafi da shi.

"Wato giya ce da aka tare ta a hanya," na ce.

"In ka so, Kawu. Ni a wurina kunu ne da ya yi boko."

Iri uku suke yi. Akwai mai haske da ɗan lemun tsami, na masu fitowa daga zafin rana. Akwai baƙa mai kauri, da dabino da ƙamshin gahawa. Ta ukun ita ce 'yar lelen Bashir, ta dawarmu da citta da kanumfari, ba a ko raɗa mata suna ba, tana tankin ƙarshe ba ta gama ba. Da la'asar masu sha suka fara zuwa, samari da 'yan mata, suka zauna a benci kowa ya kafa hanci a kofi yana lumshe ido kamar mai zaɓen turare a kasuwar Kwari. Wani Bature injiniya ya kurɓi baƙar, ya ce ta tuna masa da garinsu amma ba ta kai shi ba.

Aka buɗe mini kwalba. Na yi bismilla da shakka, na kurɓa. Ɗaci ne da mutum ke biya a ba shi, sai daga baya wani zaƙi ya biyo yana ba da haƙuri. Na shanye, na zauna ina jiran kaina ya juya. Na tashi na bi layin tayil ƙafa bayan ƙafa, ban kauce ba. Na karanta jadawalin sau na goma sha uku a zuci, ya fita daidai. Abudi yana kallona yana riƙe ciki.

Da wani ne da ya tsaya nan. Ni na koma Hindawiyya na kasa zama. Na koma wurin washegari, na sake komawa, ina zagaya tukwane, ina leƙa bayan buhuna, har ma'aikatan suka fara matsar mini da kujera in na shigo. Abin da ke cina shi ne, na san halin hedimastoci. In mai duba makaranta ya zo, yaron da ya fi kowa ƙoƙari ake turowa gaban allo. Ni kuwa a zamanina bayan aji nake wucewa in ɗaga littafin na kusa da bango. Kwalbar da aka dafa aka toshe aka manna wa takarda, wannan ai yaron gaban allo ne. Na bayan aji yana cikin tanki.

Wata rana da hantsi motar sha'ir ta zo, Bashir da Abudi da sauran duk suka fita sauke buhuna. Na shanye ruwan da ke gorar robata, na je tankin ƙarshe, na murɗa ɗan famfon da ke ƙasansa, na cika ta har wuya, na ɗaure murfin tamau. Niyyata in kai wa Yaya ta gani da idonta, in kuma ba wani tsohon ɗalibina mai koyar da kimiyya ya auna mini ba tare da sanin kowa ba. Na naɗe gorar cikin babbar rigata ta Juma'a, na tura ta ƙasan akwati. Da safe na kashe mukayyif don kada in ɓata wa Hajiya Mariya wuta, na rufe taga, na kulle ƙofa, na hau jirgin ƙasa mai gudu na tafi ziyara Madina.

Za ku ce, Malam, kai da aka sa ka taɓa tanki ka ji sanyinsa? Ni ma na yi wa kaina tambayar. Hankalina yana kan kama Bashir ne, bai kan gora ba.

A Madina ne kawai na sami barci mai sunan barci. Na yi kwanaki ina salla a masallacin Manzon Allah, ina cin dabino, har na fara jin kunyar zargin da nake ɗauke da shi. Ina zaune a harabar masallaci bayan azahar wayata ta yi ƙara.

"Mushe," in ji Hajiya Mariya, "mi ka aje cikin ɗaki?"

Kafin ta ƙarasa na gane.

Yadda aka ba ni labari, da tsakar rana aka ji wata ƙara daga ɗakina kamar taya ta fashe. Mutanen gida suka ɗauka samame ne. Masu wankin mota suka tsallake katanga, wata mai tallan funkaso ta bar takalmanta, wani tela ya shige tankin ruwa na saman bene, sai da aka yi ta lallashinsa ya fito. Da ƙura ta lafa sai wari ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa.

Na iso na tarar da gidan cikin hayaƙin turaren wuta, kasko a kowane lungu, amma ƙarƙashin turaren ga shi nan. Na san warin. Duk wanda aiki ya taɓa bi da shi ta bayan bariki ranar kasuwa ya san shi. Hajiya Mariya tana tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Mutumen Yemen da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambaya, na ce mishi kunu ne ya lalace. Mushe, in da 'yan sanda sun shigo, kai fasfo za ka nuna, ka hau jirgi ka koma wurin matarka. Su wa'annan fa? Telan ga 'ya'yanshi nan aka haife su, ba su san wata ƙasa ba."

Na ba ta haƙuri, na bi ɗaki ɗaki na ba mutanen haƙuri. Telan kuwa ya ci gaba da taka kekensa.

Hajiya Mariya ce ta kira Bashir, da yake shi ya kawo ni. Na same shi a ɗakina ya naɗe hannun jallabiya yana goge bango, babbar rigata a cikin bokiti. Abudi yana riƙe da gorar da ta tsage gida biyu.

"Wallah ya khali, mabruk," ya ce. "Tun da muka buɗe, kai ne na farko da ya yi khamr, ya'ani giya, da kayanmu."

Bashir bai yi dariya ba.

"Daga wane tanki, Kawu?"

"Na ƙarshe."

"Da ka tambaya ai da na ba ka, in gaya maka yadda ake ajiye shi."

"Da ka ba ni, da ba bincike ba ne."

Ya matse tsumma a bokiti, ya daɗe yana matsewa bayan ruwan ya ƙare.

"In da an bi sawun gorar nan, da an rufe wurin, Abudi ya shiga uku, ni a tasa ƙeyata. Wannan duk da sauƙi. Me za ka gaya wa Inna?"

"Abin da na gani."

"Wanne? Na tanki ko na akwati?"

"Duka biyu."

"Kawu, in ta ji cewa abin da nake yi yana iya zama wannan, shi ke nan. Ba za ta tsaya jin maganar sanyi da zafi ba."

"Ta ce kada in rufa maka."

"To ka rufa wa kanka mana," in ji Abudi. "Wa ya sani? Mu uku bas."

Na so in yarda, Allah ya sani. Amma na tuna idon da Yaya ta ce ta sani, na girgiza kai. Bashir ya ɗauki bokiti ya fita.

Hajiya Mariya ta ce ɗakin yana bukatar shan iska, wato in tattara. Haka na ƙare a gidan hedimasta. Samira ta karɓe ni kamar ba abin da ya faru. Tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta, don haka hirarmu rabi da baki rabi da murmushi. Ta wanke rigar har sau ba adadi, ta turara ta. Bashir kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya kai ni bakin teku, muka tsaya muna kallon ruwa kamar waɗanda suka zo ta'aziyya. Na kasa zama a gidan, na kasa fita, na yi ta buɗe akwati ina rufewa. Ranar tafiya Bashir ya sa mini kwalabe dafaffu cikin kaya, ya ce, "In ta ƙi, ka zubar. Kada ka kira ka gaya mini."

Daga tasha ban biya gidana ba, na wuce wurin Yaya. Tana kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame fiye da yadda na bar ta. Ban gama zama ba sai ga sallamar Ɗanjuma, wai ya zo yi mini barka. Ta bar shi ya zauna.

Na faɗi komai. Tsiro, tafasa, yis, sanyin tanki, dafa kwalabe, layin tayil. Sannan na faɗi na gora, har da telan da ya shiga tankin ruwa. Tana kallon idona tun daga farko har ƙarshe.

"Na wurinsa da ka sha, ka bugu?"

"A'a, Yaya."

"Na akwatinka fa?"

"Allah ya kiyaye. Hanci ya wadatar."

"Wa ya ɗiba?"

"Ni."

"Da saninsa?"

"Ba da saninsa ba."

"Wa ya kulle shi a ɗaki cikin zafi ya tafi yawo?"

"Ziyara, Yaya."

"Na ce wa?"

"Ni."

Ta ja carbi kaɗan, ta tsaya.

"Ni ma in na dama kunun zaƙi na toshe shi na bar shi a rana, abin da zai zama ke nan. Kuma tun ina budurwa nake dama shi, ba wanda ya taɓa ce mini mai gidan giya."

"Amma Hajiya, tukwanen nan fa," in ji Ɗanjuma.

"Ɗanjuma, kai da ka ci albashinsu har ka yi aure da shi, tashi ka ba mu wuri."

Ya tashi. Na ciro kwalba ɗaya na ajiye a gabanta, ta ture ta gefe da bayan hannu.

"Ban ce zan sha ba. Abin da aka yi wa kumfa irin ta 'yan iska ba zai shiga bakina ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Wato duk faɗin Jidda mutum ɗaya aka samu ya yi giya, kuma ni na aike shi."

Ta nuna aljihun da wayata take ciki.

"Kira mini shi."

Na danna lambarsa. Ko gama ƙara ɗaya ba ta yi ba aka ɗauka.

"Kawu?"

Ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da kunne yadda ta saba, ta ɗaga murya kamar Jiddan ce za ta jiyo ta kai tsaye.

"Bashir, wane irin sakaci ne wannan? Ka bar kawunka shi kaɗai kusa da famfo, ba ka san halinsa ba?"

Na ji wani sauti daga can, ban bambance dariya ce ko kuka ba. Ta yi mini alama da hannu in fita. Na ɗauki takalmana na fita.